Yadda Ake Sa Ido Kan Abin Da Yara Ke Yi a Kwamfuta da Waya

Yawancin iyaye kan fara da tambayar wace manhaja za a saka wa yaro. Akwai tambayar da ta riga wannan: makullin na'urar a hannun wa yake? Muddin yaro ne ke da ikon saka manhaja da cire ta, ko ya san kalmar sirrin babansa, to duk abin da aka girka, komai tsadarsa, ba zai kwana ba. Saboda haka aikin yana farawa ne daga raba asusu da karɓe iko, manhaja ta biyo baya. Kuma kayan aikin da suka fi inganci a gida kyauta ne, suna nan cikin Windows da Android da iPhone, ba sai an biya kowa ba.

Shirin farko

Ku lissafa duk abin da yaro ke iya hawa intanet da shi a gidan: kwamfuta, wayarsa, wayar mahaifiyarsa da yake ara da sunan aikin makaranta, tsohuwar wayar da aka jefa a durowa, talabijin mai intanet. Tsohuwar wayar nan ita aka fi mantawa da ita. Ko babu layi a cikinta, da ta sami Wi-Fi ta zama sabuwa.

Sai ku tanadi imel naku na kanku wanda yaro bai san kalmar sirrinsa ba, ku kunna masa tabbatarwa ta mataki biyu, wato lambar da ake turowa wayarku duk lokacin da za a shiga. Kada kalmar sirrin ta zama shekarar haihuwa, ko lambar waya, ko sunan auta. Kada kuma ta zama lambar da kuke buɗe wayarku da ita a gaban yara, domin sun daɗe da haddace ta.

Na uku, ku faɗa wa yaron. A zaunar da shi a gaya masa abin da za a saka, abin da za a riƙa gani, da abin da ba za a gani ba. Wannan ba ladabi ne kawai ba, dabarar aiki ce. Yaron da ya gano an saka masa abu a ɓoye ba ya daina abin da yake yi, komawa yake yi wayar aboki, inda ba ku da ido ko kaɗan. Wanda ya san ana gani kuwa, wannan sanin kaɗai yana hana shi rabin abin da ake gudu.

Kwamfuta mai Windows

Kwamfutocin da ake saya a kasuwa, musamman na hannu, galibi suna zuwa da asusu ɗaya tal mai cikakken iko, wani lokaci ko kalmar sirri babu. Kowa a gida da shi yake shiga. A wannan yanayi babu sa idon da zai yiwu, domin kwamfutar ba ta san wa ke zaune a gabanta ba.

Mataki na 1: ku mallaki asusun shugaba. Ku shiga Settings, sannan Accounts, sannan Your info. Idan an rubuta Administrator a ƙarƙashin sunan, wannan shi ne asusun iko. Ku haɗa shi da asusunku na Microsoft ta hanyar danna Sign in with a Microsoft account instead, ku sa masa kalmar sirri. Daga yau wannan asusun naku ne ku kaɗai.

Mataki na 2: ku buɗe wa yaro nasa. A Windows 11, cikin Accounts akwai Family; a Windows 10 sunan wurin Family & other users. Ku danna wurin ƙara mutum, ku zaɓi Create one for a child, a buɗe masa imel na Outlook. Wajen ranar haihuwa ku sa ta gaskiya. Da ita tsarin yake tantance manhajoji da wasannin da suka dace da shi, kuma idan aka ƙara masa shekaru ya zarce 18, tsarin zai ɗauke shi babba. Rukunin iyali yana ɗaukar mutum 6 har da ku. Kowane yaro a ba shi nasa asusun; idan aka haɗa ɗan shekara 7 da ɗan 15 a asusu ɗaya, ko dai a takura babban ko a sake wa ƙaramin.

Mataki na 3: ku tabbatar asusun yaron Standard User ne. Ku danna sunansa, ku zaɓi Change account type, ku duba. Wannan ƙaramin wuri shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Mai asusun Standard ba ya iya girka yawancin manhajoji, ba ya iya sauya agogon kwamfuta, ba ya iya buɗe wa kansa wani asusun, sai kwamfuta ta nemi kalmar sirrinku. Idan ta nema, ku taso ku rubuta da hannunku. Kada ku faɗa masa daga ɗaki.

Mataki na 4: yaron ya shiga asusunsa sau ɗaya alhali kwamfutar tana kan intanet. Sai an yi haka na'urar take bayyana a shafin iyali.

Mataki na 5: daga wayarku ko kwamfutarku ku buɗe family.microsoft.com, ko ku sauke manhajar Microsoft Family Safety. Ku danna sunan yaron, ku saita waɗannan:

Activity reporting. Shi ne ke tattara rahoton shafukan da ya shiga, kalmomin da ya bincika, manhajojin da ya buɗe da tsawon lokacin da ya ɗauka a kowace. Ana iya sa a riƙa turo taƙaitaccen rahoto ta imel duk mako.

Screen time. Kowace rana ana ba ta abu biyu: adadin awanni, da tsakanin ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Misali, ranakun makaranta awa 1 tsakanin 4:30 na yamma da 8:00 na dare, ranakun hutu awa 2 zuwa 3. A tsara shi daidai da lokacin Islamiyya da na barci a gidanku. Ga ƙanana sosai, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Idan lokaci ya ƙare kwamfutar tana kulle asusun, yaro ya iya roƙon ƙari, roƙon ya zo wayarku.

Content filters. Ku kunna Filter inappropriate websites and searches. Ga yaron firamare ya fi kyau a kunna Only use allowed websites, a rubuta masa shafuka goma ko ashirin da yake bukata, sauran duka a rufe. Ga ɗan sakandare wannan zai hana shi bincike, sai a bar tacewa ta gaba ɗaya, a riƙa ƙara shafukan da ba a so a jerin waɗanda aka toshe. Shafukan caca irin su Bet9ja da SportyBet ku rubuta su da hannu.

A nan akwai abin da ke ruɗa mutane. Tacewar Microsoft da rahoton shafuka a burauzar Edge, wato manhajar buɗe shafukan intanet ta Microsoft, kaɗai suke aiki. Shi ya sa da an kunna tacewa, tsarin yake toshe Chrome da Firefox da Opera a asusun yaron. Sau da yawa yaro yakan ce aikin makaranta ba ya buɗewa sai da Chrome, uba ya danna amincewa, daga nan rahoton shafuka ya koma fanko ba a san dalili ba. Kusan duk shafin da Chrome ke buɗewa Edge ma yana buɗe shi, domin ginin cikinsu ɗaya ne. A bar Chrome a rufe.

Idan rahoto ya ƙi zuwa, ga inda matsalar ta fi ɓoyewa. Ko yaron yana shiga da asusunku ne saboda kun tashi kun bar shi a buɗe. Ku saba danna maɓallin Windows tare da L duk lokacin da za ku tashi. Ko asusunsa yana jiran tabbatarwa, sai a shiga Your info a cikin asusun nasa a danna Verify. Ko agogon kwamfutar ya karkace. Wannan ya yi yawa a tsofaffin kwamfutoci, saboda ƙaramin batir mai siffar kwabo da ke riƙe kwanan wata, galibi CR2032, ya mutu; duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya, haɗi da Microsoft ya ƙi yiwuwa. Mai gyara zai canza shi da kuɗi kaɗan. Ko kuma Windows ɗin na sata ne da aka yanke wa sassa don ya yi sauƙi, wanda maganinsa kawai a sake ɗora na asali. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka kwamfutar da za ta iya ɗaukar Windows 11 gara a ɗaga ta.

Saura ƙofa ɗaya da yaro mai wayo kan bi: ya tayar da kwamfutar daga fulash mai ɗauke da wani tsarin, ya tsallake Windows ɗin gaba ɗaya. Ana rufe ta daga BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da kunna kwamfuta a riƙa danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. A sa kalmar sirrin shugaba, a hana tashi daga USB. Ku rubuta wannan kalmar a takarda ku adana, domin idan ta ɓace cire ta aiki ne babba.

Wayar Android

A yawancin gidajenmu waya ce kwamfutar yaro, don haka nan ne aikin ya fi muhimmanci. Kayan aikin shi ne Google Family Link. Yana aiki sosai a wayar da ke da Android 7 zuwa sama. Wayoyin Huawei da suka fito ba tare da manhajojin Google ba, tun bayan takunkumin Amurka na 2019, ba sa ɗaukarsa.

Ku fara sauke Family Link a wayarku, ko Android ce ko iPhone, ku shiga da Gmail ɗinku. A ciki ku buɗe wa yaro sabon asusun Google da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Idan tuni yana da Gmail da aka buɗe masa a shago da shekarun ƙarya, gyara ranar haihuwa ko buɗe sabo ya fi a ci gaba da wancan. Wanda ya kai 13 kuwa, Google ba ya yarda a ɗora kulawa a asusunsa sai shi ma ya amince ya sa kalmar sirrinsa, wanda ya sake nuna amfanin zaman da aka yi da shi tun farko.

Wayar da za a ba yaro, in dai an taɓa amfani da ita, a kwashe hotuna da lambobi a mayar da ita sabuwa ta Factory reset. Amma kafin haka, a cire tsohon asusun Google daga Settings, Accounts. Idan aka goge waya ba a cire shi ba, tana iya tashi ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita, ta ƙi wucewa. Bayan ta tashi, a shiga da asusun yaron kaɗai, sai ta nemi na uba ko uwa don amincewa. Idan ba a son gogewa, ana bi ta Settings, Google, Parental controls, amma dole a cire duk wasu asusun da ke kan wayar.

Daga wayarku sai saituna. A Google Play ku sa kowace manhaja sai da amincewarku, ba masu kuɗi kaɗai ba. A Chrome ku zaɓi Try to block explicit sites, ko ga ƙanana Only allow approved sites. Ku tabbatar SafeSearch, wato tacewar sakamakon binciken Google, a kunne yake. Asusun yaro ba ya samun Incognito, wato yanayin da ba ya ajiye tarihi. Ku sa iyakar awanni ta rana, ku sa lokacin barci da waya za ta kulle kanta, misali daga 9:00 na dare zuwa 6:30 na safe. Ko a kulle take, kiran gaggawa yana yiwuwa. Kowace manhaja kuma ana iya yanka mata nata lokacin: YouTube minti 30, manhajar Alƙur'ani ko ƙamus a bar su ba iyaka.

A cikin saitunan na'urar yaron akwai abubuwa uku da dole su kasance a kashe: izinin saka manhaja daga wajen Play Store, ƙara wani mai amfani, da Developer options. Na farkon shi ne mafi muhimmanci a wurinmu, saboda yara ba su cika sauke manhaja daga Play Store ba, tura musu ake yi. Ta nan GBWhatsApp da manhajojin sauke bidiyo da na VPN, masu ba da damar tsallake tacewa, ke shigowa.

Sai burauzocin da ke zuwa da waya. Tacewar Family Link ta shafuka a Chrome take aiki. Wayoyin Tecno da Infinix da itel kan zo da wata burauzar tun daga kamfani, irin su Phoenix, wasu kuma da Opera Mini. Ku buɗe jerin manhajojin yaron a Family Link, ku toshe duk wata burauza in ba Chrome ba. Wanda bai yi wannan ba ya kulle ƙofar gaba ne ya bar ta baya a wangale.

Waɗannan wayoyin dai suna da wata ɗabi'a: don batir ya daɗe, suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage. Alamarta ita ce wurin da Family Link ke nuna yaro yake ya tsaya a inda yake tun jiya, ko kun kulle waya daga nesa ta ƙi kulluwa. A wayar yaron ku shiga saitin batir na manhajoji, ku sa Family Link da Google Play services a Unrestricted ko Don't optimise, ku ba su izinin tashi da kansu inda aka rubuta Auto-start, ku kuma cire su daga Data Saver. Yanayin tsananin tanadin batir, Ultra power saving, shi ma yana yanke rahoto.

Idan data ta ƙare a wayar yaro, dokokin da aka riga aka saita suna ci gaba da aiki, sabon umarni ne ba ya isa. Idan wayar ta kulle kuma babu intanet, a manhajarku akwai Parent access code, lambar da ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, da ita ake buɗewa.

Ga iPhone da iPad hanyar gajera ce. Ku saka yaron a Family Sharing da nasa asusun Apple, ku shiga Settings, Screen Time, ku sa lambar sirri mai lamba 4 wadda ta bambanta da ta buɗe waya. A Content & Privacy Restrictions ku zaɓi Limit Adult Websites, ku hana saka manhaja da goge ta, ku hana sauya asusu. Downtime shi ne lokacin barci, App Limits kuma iyakar kowace manhaja.

Tace intanet ɗin gidan gaba ɗaya

Duk lokacin da aka rubuta sunan shafi, na'ura tana tambayar wata kwamfuta mai suna DNS adireshin shafin kafin ta je. Idan aka sauya DNS zuwa wanda ke ƙin ba da adireshin shafukan batsa, duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗin ta sami kariya, har talabijin da wayar baƙo. Ga uku na kyauta:

Cloudflare na iyali: 1.1.1.3 da 1.0.0.3. Yana toshe shafukan batsa da masu ɗauke da cutar kwamfuta.
OpenDNS FamilyShield: 208.67.222.123 da 208.67.220.123.
CleanBrowsing na iyali: 185.228.168.168 da 185.228.169.168. Wannan ya fi tsanani, domin yana tilasta bincike mai tsafta a Google da Bing da YouTube, yana kuma toshe shafukan VPN da dama.

Ku juya rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, ko MiFi, a bayanta ko ƙarƙashin batir akwai adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da suna da kalmar sirri. Ku rubuta adireshin a burauza, ku shiga, abu na farko ku sauya kalmar sirrin shigar, domin ta kamfani tana rubuce a jiki kowa na gani. Sai ku nemi DNS a ƙarƙashin WAN ko Internet ko DHCP, ku mayar da shi Manual, ku sa lambobin biyu daga kamfani ɗaya. Kada a sa na tacewa a gurbin farko a sa 8.8.8.8 a na biyu; na'ura takan koma na biyun, tacewa ta riƙa aiki yau gobe ta ƙi. Idan rautar tana ba da IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, a cike nasa gurbin shi ma, na Cloudflare shi ne 2606:4700:4700::1113 da 2606:4700:4700::1003, ko a kashe IPv6 ɗin. Ku adana, ku kashe rauta ku kunna. Wanda ya sa na Cloudflare zai iya gwadawa da nudity.testcategory.com, shafin gwaji ne da babu komai a cikinsa. Idan ya ƙi buɗewa, aiki ya yi.

MiFi da yawa na kamfanonin layi sun ɓoye gurbin DNS. A irin wannan hali, da kuma wayar da ke hawa da datar layinta, a kan na'urar ake saitawa. A Android 9 zuwa sama akwai Private DNS cikin saitin Network ko Connections. A rubuta family.cloudflare-dns.com ko family-filter-dns.cleanbrowsing.org. Yana aiki a Wi-Fi da datar layi duka. Rauninsa shi ne yaro na iya komawa ya kashe, don haka a riƙa dubawa. A Windows 11 ana bi ta Network & internet, a shiga bayanan haɗin, a gyara DNS server assignment. Wanda ke son ganin jerin shafukan da aka nema, ba toshewa kawai ba, NextDNS yana ba da wannan kyauta har tambaya 300,000 a wata.

Abubuwa uku ke karya tacewar DNS: manhajar VPN, saitin Secure DNS na cikin burauza, da Opera Mini, wadda ke ɗauko shafuka ta kwamfutocin kamfaninta. VPN da Opera Mini ana magance su ne da abin da aka riga aka yi a sama, wato hana yaro ikon saka manhaja da toshe sauran burauzoci. Shi ya sa DNS kaɗai ba ya isa.

Abin da duk wannan ba ya gani

Ya kamata iyaye su san iyakar kayan aikinsu, don kada rahoto mai tsafta ya sa su saki jiki. Family Link da Family Safety ba sa nuna saƙonnin WhatsApp; suna nuna awa nawa aka yi a ciki ne kawai. DNS sunan shafi yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin TikTok ko Telegram ko X, kuma X ya halatta hotunan batsa a dokokinsa. Ga waɗannan, ko dai a toshe manhajar ɗungurungum, ko a yi amfani da nasu tsarin: TikTok yana da Family Pairing da ake haɗa asusun iyaye da na yaro, Instagram ya fito da Teen Accounts a Satumban 2024, YouTube kuma yana da YouTube Kids don ƙanana. Ƙa'idar yawancin waɗannan kafafen ita ce shekara 13. Wanda bai kai ba, babu dalilin buɗe masa.

Babban giɓin kuwa ba ya bi ta intanet sam. Bidiyon da aka tura ta Xender ko Bluetooth, ko aka loda a memori a shagon masu tura fina-finai, ba ya ratsa kowace tacewa. A toshe Xender da makamantanta a Family Link, sannan lokaci zuwa lokaci a karɓi wayar a gaban yaron a duba ma'ajiyar fayil. A lura da manhajojin ɓoye hotuna masu kama da kalkuleta. Waya mai kalkuleta biyu abin tambaya ce. Kwamfuta a ajiye ta a falo, fuskarta na kallon masu wucewa, wayoyin yara kuma su kwana a caji a ɗakin iyaye.

Manhajojin leƙen asiri

Za ku ga tallan manhajojin da ke alƙawarin nuna muku kowane saƙo da kowane harafin da aka danna, ba tare da mai wayar ya sani ba. Ku nisance su. Don su yi aiki sai an kashe Play Protect, wato kariyar Google daga miyagun manhajoji, wani lokaci sai an fasa tsaron wayar, sannan hotuna da saƙonnin ɗanku suna tafiya rumbun wani kamfani da ba ku san shi ba. Waɗannan rumbuna sun sha fashewa. An kwashe bayanan mSpy a 2015, LetMeSpy ya rufe a 2023 bayan an yi masa kutse, haka ma pcTattletale a 2024. A 2021 hukumar kasuwanci ta Amurka ta haramta wa kamfanin SpyFone wannan sana'a gaba ɗaya.

Saka irin wannan a wayar babban mutum, mata ce ko miji ko ma'aikaci, ba tare da saninsa ba, ya fita daga tarbiyya ya shiga laifi. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da maganar waya, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta hukunta shiga na'urar wani da tare saƙonninsa ba da izini ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ma ta hana bin diddigin asirin mutane.

Idan ma'aikata ne

Mai shago ko ofis yana da haƙƙin sanin abin da ake yi da kwamfutarsa a lokacin aiki, amma da sharuɗɗa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, tana bukatar a sami dalili na halal, a sanar da mutum, kada kuma a tara fiye da abin da ake bukata. A aikace: a rubuta takarda mai bayyana abin da ake gani, dalili, wa ke gani, da tsawon lokacin ajiya, kowane ma'aikaci ya sa hannu ya riƙe kwafi. A tsaya kan na'urorin kamfani da awannin aiki. Wayar ma'aikaci ta kansa ba ta ciki.

Tsarin daidai yake da na gida: kowa da asusunsa na Standard, asusun iko a hannun mutum ɗaya ko biyu, DNS mai tacewa a rauta. Ga ƙaramin ofis wannan kan wadatar. Idan ana bukatar rahoton manhajoji da lokaci, akwai ActivTrak da Hubstaff da Teramind, ana biyansu bisa yawan ma'aikata. Kada a kunna naɗar haruffan da ake dannawa, domin tana kwashe kalmomin sirrin banki, kuma ranar da suka fita alhakin yana wuyan mai kamfani. Makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta kuwa Veyon ya dace da su. Kyauta ne, malami yana ganin allon duk ɗalibai daga kujerarsa, yana iya kulle su lokaci ɗaya, kuma a kan haɗin cikin ɗaki yake aiki ko babu intanet.

Karanta rahoto da abin da za a yi

Sau ɗaya a mako ya isa, minti goma. Ba kowane shafi ake bi ba. A duba sabuwar manhajar da ba a sani ba, amfani da waya bayan tsakar dare, binciken yadda ake cire Family Link ko saka VPN, da rahoton da ya faɗi ƙasa kwatsam, wanda galibi ke nufin an sami wata na'urar. Baƙon sunan shafi guda ɗaya ba hujja ba ne, domin tallace-tallace kan buɗe shafuka da kansu. Maimaituwa ce abin lura. Duk wata kuma a ɗauki na'urar a tabbatar asusun yana nan Standard, Private DNS yana nan, ba a ƙara wani asusun ba. Yayin da yaro ke girma a riƙa sassautawa, a gaya masa an sassauta da dalilin hakan.

Idan aka ga abin da ba a so, a yi magana da yaron shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba, a fara da tambayar yadda ya kai wurin. Akwai kuma yanayin da ke bukatar gaggawa: wani ya yaudari yaro ya karɓi hotonsa na tsiraici, yana barazanar yaɗawa sai an biya. Abin ya yi yawa har a Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Kada a biya, domin biya ƙarin buƙata yake jawowa. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da sunan asusun, da lambar waya ko ta bankin da aka turo, ban da hoton tsiraicin kansa, wanda ba a kwafa ba a kuma tura wa kowa. A kai rahoton asusun a cikin manhajar, a toshe shi, a kai ƙara wurin 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Ga wanda bai kai 18 ba lokacin da aka ɗauki hoton, shafin Take It Down yana ɗaukar tambarin hoton daga na'urar ba tare da hoton ya bar ta ba, ya raba wa kafafe irin su Facebook da Instagram da TikTok don su gane shi su cire.